Rangwamen Kayan Girki Masu Tsimin Gas a Amurka: Daga Ina Kuɗin Ke Fitowa, Kuma Me Ya Jawo Jayayya?

A watan Mayun 2025 kafofin watsa labarai na Amurka suka ruwaito cewa hukumar kare muhalli ta ƙasar, wato EPA, tana shirin rufe Energy Star, shirin da tun 1992 yake sanya tambari a jikin na'urorin da ba su cin makamashi da yawa. Labarin ya tarar da masu gidajen abinci cikin wani ruɗani da suka riga suka shiga. A wasu jihohi kamfanonin rarraba gas suna ci gaba da rage wa mai gidan abinci kuɗi idan ya sayi injin suya ko tanderu mai tsimin gas, a wasu jihohin kuwa hukumomi sun fara janye wannan tallafi suna karkatar da shi zuwa kayan girki na lantarki. Mai gidan abincin da ke da rassa a jihohi biyu yana iya samun rangwame a reshe ɗaya, a hana shi a ɗayan, alhali injin iri ɗaya ne. Kafin a gane dalilin wannan bambanci sai an san abin da ake nufi da tsimi a madafar kasuwanci, da wanda ke biyan rangwamen, da kuma abin da ya sauya a manufofin jihohi cikin 'yan shekarun nan.

## Gas ɗin da ake magana a kai, da ma'aunin tsimi

Gas ɗin da akasarin gidajen abinci na biranen Amurka ke girki da shi yana zuwa ne ta bututun ƙarƙashin ƙasa, ana auna shi da mita, kuma kamfani ɗaya ne ke da izinin rarraba shi a kowane yanki. Mafi yawan abin da ke cikinsa sinadarin methane ne, don haka ya bambanta da gas ɗin tukunya da aka saba cikowa a Kano ko Maraɗi, wanda haɗin propane da butane ne. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga batunmu, domin tsarin rangwamen ya dogara ne kacokan a kan kamfani mai mita da takardar biyan kuɗi ta wata-wata, wanda hukumar jiha ke ƙayyade masa farashi. Ana lissafin gas ɗin da ma'aunin therm, kuma therm ɗaya daidai yake da Btu 100,000, Btu kuwa ƙaramin ma'aunin zafi ne.

Idan aka ce injin girki yana da tsimi, abubuwa biyu ake aunawa a ɗakin gwaji. Na farko shi ne kaso nawa na zafin da gas ya bayar ya shiga cikin abincin, na biyu kuma shi ne yawan gas ɗin da injin ke ƙonawa a lokacin da yake kunne yana jiran aiki. Hanyoyin wannan gwaji sun samo asali ne daga cibiyar fasahar kayan girki da kamfanin wuta da gas na PG&E ya kafa a Kalifoniya a 1987, a garin San Ramon, kuma daga baya aka mayar da su ƙa'idojin gwaji na bai-ɗaya a ƙarƙashin ASTM, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin gwajin kayayyaki. Da waɗannan ƙa'idoji ne Energy Star ya fara tantance kayan girkin kasuwanci a farkon shekarun 2000, ya soma da injunan suya da na turara abinci, daga baya ya haɗa da tanderu da farantin gashi.

Rangwamen shi kansa kuɗi ne da ake mayar wa mai saye, ko a cire masa daga farashi nan take, idan injin da ya zaɓa yana cikin jerin waɗanda suka ci gwajin. Ba ya biyan kuɗin injin gaba ɗaya, manufarsa ita ce ya rage ratar da ke tsakanin farashin injin gama-gari da na mai tsimi.

## Inda gas ke salwanta a madafa

Alƙaluman Energy Star sun nuna cewa gidan abinci yana cin makamashi ninki biyar zuwa bakwai na abin da sauran gine-ginen kasuwanci masu faɗinsa ke ci, gidajen abincin gaggawa kuwa suna iya kaiwa ninki goma. Babban dalili shi ne kayan girkin kasuwanci suna wuni a kunne, ko akwai mai saye ko babu, saboda mai dafa abinci ba zai so oda ta shigo ya tarar da mai ya huce ba.

Injin suya shi ne misalin da ya fi fito da lissafin fili. Injin gama-gari mai amfani da gas yana kai kimanin kashi 35 cikin ɗari na zafinsa ga abinci, ragowar yana fita ta mafitar hayaƙi ko ya bi jikin ƙarfe ya cika madafar da zafi. Kafin inji ya sami tambarin Energy Star sai ya kai aƙalla kashi 50, wanda ke nufin cewa dankalin da tsohon inji zai soya da ma'auni goma na gas, sabon zai soya shi da bakwai. Ana samun haka ne ta hanyar lanƙwasa hanyar da harshen wuta ke bi a ƙarƙashin tukunyar man domin zafin ya daɗe yana taɓa ta, da lulluɓe jikin tukunyar da abin riƙe zafi, da kyautata bakin wutar. Sai kuma gas ɗin jira: ƙa'idar ta ce injin suya madaidaici kada ya wuce Btu 9,000 a awa yayin da yake zaune ba ya aiki, alhali na gama-gari yana ƙona kusan 14,000. Idan aka ƙaddara cewa injin yana yin awa goma a rana yana jira, wannan rata kaɗai ta kai kimanin therm 180 a shekara, kuma gas ne da bai dafa komai ba. Idan aka haɗa da tsimin lokacin suya, ƙiyasin da shirin ke bayarwa shi ne kusan therm 500 a shekara ga inji ɗaya a gidan abinci mai yawan ciniki.

Akwai wata riba da masu dafa abinci suka fi kula da ita fiye da takardar gas, wato saurin dawowar zafi. Duk lokacin da aka zuba daskararren dankali a cikin mai, zafin man yana faɗuwa, kuma injin da ya fi iya tura zafi cikin tukunya shi ne ke dawo da man daidai cikin gaggawa. Sakamakon haka inji mai tsimi yakan soya abinci mai yawa a awa ɗaya, abincin kuma ba ya shan mai sosai.

Injin turara abinci yana da nasa labarin, domin asararsa ta haɗa da ruwa. Tsohon samfuri mai tukunyar tafasa yana iya shan galan 40 na ruwa a awa, kusan lita 150, yana zubar da tururin da ya rage a magudana, sabon samfuri kuwa da ke juya tururinsa a ciki yana shan kimanin galan 3. A tanderu da farantin gashi ratar ba ta kai haka ba, amma tana nan. Abin lura shi ne murhun gas mai buɗaɗɗen harshe, wanda shi ne ginshiƙin madafa da yawa, ba shi da tambarin Energy Star, kuma yana cikin kayan da suka fi asarar zafi, domin kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke shiga tukunya.

Gwamnatin tarayya ta kafa mafi ƙarancin ƙa'idar tsimi ga firjin kasuwanci da injin ƙanƙara da bututun fesa ruwan wanke-wanke, amma ba ta kafa wa injin suya ko tanderun kasuwanci irin wannan ƙa'ida ba. Saboda haka babu dokar tarayya da ta hana sayar da inji mai almubazzaranci, kuma rangwame ya zama kusan shi ne babban abin da hukumomi ke iya jan ra'ayin mai saye da shi.

## Dalilin da mai sayar da gas ke biya domin a rage sayen gas

Tambayar da ta fi ɗaure wa mutane kai ita ce yadda kamfanin da ke rayuwa da sayar da gas zai ɗauki kuɗi ya ba abokin cinikinsa domin ya rage saye. Amsar ta farko ita ce kuɗin ba daga ribar kamfanin yake fitowa ba. A jihohin da ke da irin wannan shiri, hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin wuta da gas tana amincewa a ɗora ɗan ƙarin caji a kan kowane therm da aka sayar, kuma daga wannan asusu ake biyan rangwamen da albashin masu gudanar da shirin. Wato magidanci da mai wankin tufafi da mai gidan burodi duk suna zuba kuɗi a ciki, ko sun amfana ko ba su amfana ba.

Amsa ta biyu tana cikin yadda ake tsara kuɗin shigar kamfanin. Tun ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, bayan rikicin makamashin da ya girgiza Amurka, Kalifoniya ta raba kuɗin shigar kamfanonin da yawan abin da suka sayar: hukuma tana tsayar da adadin da kamfani ya cancanci samu domin kula da bututu da biyan masu jari, idan ciniki ya ragu sai a daidaita farashi domin a cike giɓin, idan ya ƙaru a mayar wa jama'a rarar. Jihohi da dama sun bi sahu daga baya. A irin wannan tsari kamfani ba ya asara idan abokan cinikinsa suka yi tsimi, wasu jihohin ma suna ba shi lada idan ya cika burin tsimin da aka ɗora masa.

Akwai kuma dalilin da kamfanonin ba su cika faɗa a fili ba. Gidan abinci abokin ciniki ne mai daraja, saboda yana ƙona gas rani da hunturu, saɓanin gidajen kwana da buƙatarsu ke hawa a lokacin sanyi kawai. Mai gidan abincin da aka taimaka wa ya sayi sabon injin gas zai ci gaba da zama a kan bututu tsawon rayuwar injin, wadda masu lissafin shirin kan ƙiyasta da shekara 12. Kamfanin SoCalGas mai rarraba gas a kudancin Kalifoniya, alal misali, yana da cibiya a garin Downey inda masu dafa abinci ke zuwa su gwada kayan girkin gas kafin su saya, kuma irin wannan cibiya tana yi wa tsimi hidima kamar yadda take yi wa kasuwar gas.

Ba kowane inji ake ba rangwame ba, domin hukumomi suna buƙatar a nuna cewa darajar gas ɗin da za a tsimta tsawon rayuwar injin ta fi kuɗin da aka kashe. A cikin lissafin ana cire kason waɗanda da ma za su sayi inji mai tsimi ko da babu rangwame, saboda kuɗin da aka ba irin waɗannan bai tsimta komai ba.

## Wanda rangwamen ke kaiwa gare shi

A nan ne shirin ya fi fuskantar suka mai tushe. Tsohon tsari shi ne mai gidan abinci ya sayi inji da cikakken farashi, ya cike takarda, ya haɗa da rasit, ya jira makonni kafin a aiko masa da cek. Manyan kamfanoni masu ɗaruruwan rassa suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan, suna kuma tsara sauya kayan aiki tun kafin su lalace, don haka su ne suka fi cin moriyar tsarin, alhali da yawansu sun riga sun yanke shawarar sayen kaya masu tsimi saboda lissafin kansu.

Ƙaramin gidan abinci yana sayen inji ne ranar da tsohon ya mutu, sau da yawa ana tsakiyar ciniki, kuma abin da mai shi ke nema shi ne wanda dillali ke da shi a ƙasa a mafi arhar farashi. Da yawa ma na hannu suke saye daga gidajen abincin da suka rufe, kuma a mafi yawan shirye-shiryen kayan hannu ba su cancanci rangwame ba. Ribar gidan abinci a Amurka galibi ba ta wuce kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na ciniki, saboda haka ƙarin 'yan ɗaruruwan daloli a ranar saye yana iya rinjayar alƙawarin tsimin da sai bayan shekara biyu zai biya kansa. Baƙin haure da ke riƙe da ƙananan gidajen abinci, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma a birane irin su New York, suna iya haɗuwa da ƙarin cikas na harshe da rashin sanin cewa shirin ma yana nan.

Maganin da jihohi da dama suka koma gare shi shi ne a bi ta hannun dillali. Kamfanin gas yana yarjejeniya da masu sayar da kayan girki, dillali ya cire rangwamen daga farashi a ranar ciniki, shi kuma ya karɓi kuɗinsa daga shirin, wani lokaci har da ɗan lada a kan kowane inji. Wannan yana kawar da wahalar takarda, yana kuma sa dillali ya ajiye kaya masu tsimi a rumbunsa, wanda shi ne abin da ya fi tasiri ga mai sayen gaggawa. Kalifoniya tana gudanar da irin wannan shiri a faɗin jihar. Raunin tsarin shi ne yana da wuya a tabbatar cewa duk rangwamen ya isa ga mai saye, tun da dillali yana iya ɗaga farashin asali, kuma har yanzu bai taɓa kasuwar kayan hannu ba.

## Jayayyar tsimi da barin gas

Babu wani ɓangare da ke musun cewa injin da ya ci gwaji yana ƙona gas ƙasa da na gama-gari. Saɓanin yana kan ko ya dace a yi amfani da kuɗin jama'a wajen dasa sabon injin gas a jihar da ta yi alƙawarin rage hayaƙi mai ɗumama yanayi zuwa kusan sifili nan da tsakiyar ƙarni.

Ƙungiyoyin kare muhalli suna cewa kowane inji da aka tallafa aka saya yau zai ci gaba da ƙona gas fiye da shekara goma, yana kuma tsawaita rayuwar bututun da ke yoyon methane, iskar da a cikin shekara 20 ƙarfin ɗumamarta ya ninka na carbon dioxide kusan sau 80. Suna nuni da cewa murhun lantarki mai aiki da maganaɗisu yana kai kimanin kashi 85 na makamashinsa ga tukunya, injin suya na lantarki mai tsimi kuma yana wuce kashi 80, ga shi madafa tana yin sanyi, ma'aikata ba su shaƙar hayaƙin ƙonewar gas. Wannan ra'ayi ya yi tasiri a wasu jihohi. A Massachusetts dokar yanayi da gwamna Charlie Baker ya sanya wa hannu a watan Agustan 2022 ta taƙaita tallafin Mass Save, shirin tsimin makamashi na jihar, ga na'urori masu ƙona gas da mai daga 2025, sai a wasu keɓaɓɓun yanayi. A Kalifoniya kuma hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin ta yanke a watan Afrilun 2023 cewa za a fara rage tallafin na'urorin gas, ta soma da sababbin gine-gine.

Kamfanonin gas da ƙungiyoyin masu gidajen abinci suna da nasu hujjojin. Kimanin kashi uku cikin huɗu na gidajen abincin ƙasar da gas suke girki, kuma sauya tsohuwar madafa zuwa lantarki yakan buƙaci sababbin wayoyi da babban akwatin rarraba wuta, wani lokaci har da ƙarin layi daga kamfanin lantarki, kuɗin da ya fi na injin nesa ba kusa ba, wanda kuma ɗan haya ba zai so ya zuba a ginin wani ba. A jihohin da lantarki ke da tsada, Kalifoniya na cikinsu, kuɗin gudanar da injin lantarki yana iya fin na gas duk da tsiminsa. Suna ƙara da cewa kusan kashi 40 na lantarkin Amurka da gas ake samar da shi, don haka amfanin sauyin ga yanayi ya dogara ne da irin wutar da ke jihar. Sai kuma batun girkin da ke buƙatar harshen wuta, kamar suyar kaskon Sinawa da gashin nama. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce idan aka janye rangwamen, mai ƙaramin gidan abinci ba lallai ne ya koma lantarki ba, abin da ya fi yiwuwa shi ne ya sayi injin gas mafi arha, wanda shi ne mafi almubazzaranci.

Rikicin ya kai kotu. A 2019 birnin Berkeley ya zama na farko a Amurka da ya hana shigar da bututun gas a sababbin gine-gine, ƙungiyar masu gidajen abinci ta Kalifoniya ta kai ƙara, kuma a watan Afrilun 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa dokar makamashi ta tarayya ta 1975 ta rinjayi dokar birnin, wanda a 2024 ya amince ya daina aiwatar da ita. Jihar New York, da ta yi dokar mayar da sababbin gine-gine kan lantarki a 2023, ta cire madafun kasuwanci daga ciki, kamar yadda birnin New York ya yi a tasa dokar ta 2021. A ɗaya gefen kuma, jihohi fiye da 20, da Arizona a kan gaba a 2020, sun yi dokokin da suka hana biranensu haramta gas. Abin da za a iya fahimta daga wannan shi ne ko a wuraren da suka fi ƙwazo wajen barin gas, 'yan majalisa sun yarda cewa madafar kasuwanci tana cikin wuraren da sauyin zai fi jinkiri, kuma wannan yana ƙarfafa hujjar a ci gaba da tallafa tsimi a tsofaffin madafu, ko da an daina a sababbi.

## Tasirin da za a iya gani

Ga mai gidan abinci, lissafin ya dogara da yawan aikin injin. Idan aka ƙaddara farashin dala ɗaya a kowane therm, injin suya da ke tsimta therm 500 yana rage dala 500 a shekara, kimanin dala 6,000 a tsawon rayuwarsa, kuma inda gas ya fi tsada ribar ta fi haka. Gidan da ke buɗewa 'yan awoyi kaɗan a rana ba zai ga ko kusa da wannan adadi ba, don haka rangwame ya fi muhimmanci gare shi wajen yanke shawara. Sharuɗɗan suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, asusun yana iya ƙarewa kafin shekara ta cika, kuma lambar samfurin injin ce ake dubawa a jerin, sunan kamfanin da ya ƙera shi bai isa ba.

Mai cin abinci ba zai ga canjin farashi a faranti ba, saboda makamashi ƙaramin kaso ne na kuɗin da gidan abinci ke kashewa idan aka kwatanta da kayan abinci da albashi da haya. Ma'aikacin madafa shi ne ke jin bambancin a jikinsa, domin zafin da bai shiga abinci ba a kansa yake sauka.

Sauran masu biyan kuɗin gas suna da nasu rabon a cikin batun. Idan magidanta masu hali suka ci gaba da komawa lantarki, kuɗin kula da bututu zai rabu a kan mutane kaɗan, farashin kowane therm ya hau, kuma gidajen abinci suna cikin waɗanda za su rage a kan layin. Hauhawar farashin za ta ƙara wa inji mai tsimi daraja, amma za ta kuma rage yawan masu zuba kuɗi a asusun da ake biyan rangwamen daga gare shi.

Makomar tambarin Energy Star ta shafi duk wannan ta wata hanya ta daban. Shirin ba ya biyan rangwame da kansa, amma kamfanonin gas da na lantarki da dama suna amfani da jerinsa a matsayin sharaɗin cancanta, shi ya sa masu ƙera kayan aiki suka kasance cikin waɗanda suka yi kira a bar shi. Idan babu jeri ɗaya na ƙasa, kowace jiha ko kamfani sai ya tsara nasa, abin da Kalifoniya ke iya yi saboda tana da ɗakunan gwaji da jerin kanta, amma ƙananan kamfanoni a wasu jihohi ba su da wannan ƙarfi, kuma masu ƙera inji za su fuskanci ƙa'idoji mabambanta a kasuwa ɗaya.